Na kira mai unguwarmu ɓarawo a gaban jama'a, yanzu an ce in je in durƙusa

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni saurayi ne ɗan shekara 27, aikin walda nake yi a Suame Magazine, wato unguwar makanikai, muna zaune a Aboabo nan Kumasi. Iyayena daga wajen Bolga suka zo, amma a zango aka haife ni. Shekara biyu ke nan da aka yanka wa kowane gida a layinmu sidi 200 don a gyara kwatar da ke bayan gidajenmu. Gida kusan 60 suka biya, kuɗin kuma a hannun mai unguwarmu aka damƙa. Har yau ko shebur ɗaya na yashi ba mu gani ba. A watan Yuni ruwa ya shiga ɗakin mahaifiyata cikin dare, ya jiƙa buhun shinkafa da na wake da take dafa waakye na sayarwa, katifarta ma ta lalace. Da aka kira taron unguwa sai zuciya ta ɗebe ni, na miƙe na nuna shi da yatsa na ce masa ɓarawo, tsohon banza marar kunya. Da na koma gida na ƙara da saƙon murya a WhatsApp, ya bazu. Yanzu mahaifina ba ya amsa gaisuwata. Fastonmu ya karanta mini Romawa 13, inda aka ce a yi wa masu mulki biyayya, ya ce in sauka daga jagorancin waƙa sai na je na ba da haƙuri. Maƙwabta suna cewa dama yaran coci ba su da tarbiyya. Baba, ni ke da gaskiya. In na je na durƙusa, ai na wanke shi ke nan. Shin Littafi Mai Tsarki cewa ya yi mu rufe baki ana cutar mu?

Ɗanka a Aboabo

Ɗana,

Kafin komai, ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka yi mata jaje. Na san irin daren nan. Ruwa ya kutso ta ƙarƙashin ƙofa, wuta ta ɗauke, mutum yana lalube da fitilar waya yana jan buhu zuwa kan benci, ƙananan yara an ɗora su a kan tebur suna kuka. Gari ya waye kuma sai laka da wari, da jarin da aka yi shekaru ana tarawa ya kumbura a cikin buhu. Ɗan da ya ga mahaifiyarsa cikin wannan hali bai ji zafi ba, shi ne abin tuhuma. Fushinka bai ba ni mamaki ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Bakinka ne ya yi laifi. Ka je ka ba da haƙuri. Amma ka saurare ni har ƙarshe, domin haƙurin da nake nufi ba irin wanda kake tsoro ba ne.

A ranar taron nan abubuwa biyu ka fitar daga bakinka, ka ƙulle su wuri ɗaya. Na farko tambaya ce: ina kuɗin kwata? Wannan haƙƙinka ne, haƙƙin gida 60 ne. Na biyu zagi ne. Zagin shi za ka je ka janye gaba ɗaya, ba tare da wani "amma" a wutsiyarsa ba. Tambayar kuwa tana nan daram, kada ka janye ta, kada ka bari wani ya janye maka ita.

Akwai wanda irin wannan ta taɓa faruwa da shi, kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 23, ka karanta ayoyi biyar na farko a hankali. An tsai da Manzo Bulus a gaban majalisar Yahudawa a Urushalima. Daga buɗe bakinsa ya ce ya yi zamansa da lamiri mai tsabta a gaban Allah, sai babban firist Hananiya ya umarci na kusa da shi su doke masa baki. Ba a ji shaidu ba, ba a yanke hukunci ba. Bulus ya fusata, ya ce masa Allah zai doke ka, kai bangon da aka shafe da farar ƙasa. Kana zaune za ka yi mini shari'a bisa Doka, ga shi kai da kanka kana karya Dokar da ka sa a doke ni. Mutanen da ke tsaye suka ce, babban firist na Allah kake zagi? Nan take Bulus ya sauko. Ya kira su 'yan'uwa, ya ce bai san shi ne babban firist ba, gama a rubuce yake kada ka faɗi mugun abu a kan shugaban jama'arka. Daga Fitowa 22:28 ya ɗauko wannan.

Ka lura da abin da ya janye, da abin da ya bari. Bai ce dukan da aka sa a yi masa daidai ne ba. Bai ce Hananiya mutumin kirki ne ba. Kuma ba mutumin kirkin ba ne: masanin tarihin Yahudawa Yosifus ya rubuta cewa barorinsa sukan je masussuka su ƙwace zakkar da ta kamaci ƙananan firistoci, mutanensa ne kuma suka kashe shi a shekara ta 66 da tawaye ya ɓarke. Duk da haka Bulus ya ga kujerar da mutumin ke kai tana da alfarmar da halin mutumin bai share ta ba. Ya mai da zagin cikinsa, ya ci gaba da kāre kansa a wannan zama ɗin, ya ci gaba da yi a gaban gwamna bayan gwamna, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. In Bulus bai ƙasƙanta ba da ya ce ya yi kuskure a gaban wanda ya sa a doke shi, kai ma ba za ka ƙasƙanta ba.

Yanzu bari in yi maka tambayar da na san ba za ta yi maka daɗi ba. Ka san ya ci kuɗin, ko kuwa ka san dai ba a yi aikin ba? Tsakanin biyun nan akwai tafiya. Mai yiwuwa ya ci. Mai yiwuwa kuma ya ba wani magini kafin alƙalami ya gudu da shi, kunya ta hana shi faɗa. Mai yiwuwa kuɗin na nan, siminti ya yi tsada ya fi ƙarfinsu, ya zauna yana jiran Asambuli, wato majalisar ƙaramar hukuma, ta cika. Ko wanne ne, shirun shekara biyu laifi ne a kansa. Sai dai laifin shiru daban, sata daban, kai kuma sata ka ɗora masa a gaban 'ya'yansa da surukansa.

Ina faɗa maka wannan ne domin ni ma na taɓa yi. Ina matashin malami, aka riƙe mana wani kuɗin alawus wata da watanni. Na shiga ofishin shugaban makarantarmu, dattijo mai furfura, na ɗaga murya har ɗalibai suka leƙo ta taga, na ce masa ya ji tsoron Allah ya fito da abin da ya ci. Bai ce mini uffan ba. Ya jawo durowa ya fito da kwafin wasiƙu uku da ya rubuta wa na sama da shi a kan kuɗin, ya shimfiɗa su a gabana. Hannunsa na rawa. Na ba shi haƙuri a ranar, ya kuma yafe, amma ɗaliban da suka ji zargin ta taga ba su ga wasiƙun ba. Shekara fiye da 40 ke nan, har yanzu in na tuna rawar hannun nan sai in ji nauyi a ƙirjina. Magana zarar bunu ce, ɗana. Ba ina ce maka mai unguwarku zai fito da irin waɗannan takardu ba. Ina ce maka ka yanke hukunci kafin ka nemi a buɗe durowa.

Na san abin da za ka ce, domin matasa da yawa sun faɗa mini shi: ai Yesu ma ya kira Hirudus yanyawa, ya kira Farisiyawa munafukai. Haka ne, yana nan a Luka 13:32 da Matiyu 23. Amma Ubangiji ya san abin da ke cikin zuciyar mutum, ba ya bukatar rasit. Kuma ka duba yadda shi kansa ya yi ran da aka mare shi a gaban babban firist, a Yohanna 18:23. Tambaya ya yi: in na faɗi abin da ba daidai ba, ka ba da shaida a kai; in kuwa daidai na faɗa, don me ka mare ni? Bai sunkuyar da kai ya yi shiru ba, bai kuma zagi kowa ba. Ya sa wanda ya mare shi a inda dole ya kawo hujja. Abin da ya kamata ka yi a taron nan ke nan.

Sai batun Romawa 13. Fastonku bai yi kuskure da ya buɗe maka wurin ba. Bulus ya rubuta wasiƙar wajen shekara ta 57, Nero yana kan gadon sarautar Roma, ya ce a ba kowa abin da ya kamace shi: mai haraji haraji, wanda ya cancanci ladabi ladabi, wanda ya cancanci girma girma. Bitrus ma ya faɗa a wasiƙarsa ta farko 2:17, a girmama kowa, a ƙaunaci 'yan'uwa, a ji tsoron Allah, a girmama sarki. Sarakunan da suke magana a kai ba masu bi ba ne, wasunsu ma su suka zubar da jinin masu bi. Saboda haka kada ka ce wannan bai cancanta ba domin bai yi aikinsa ba. Da sai nagari kaɗai ake girmamawa, da ba a rubuta ayoyin ba.

Amma Romawa 13 ba ta tsaya a nan ba. Aya ta 4 ta kira mai mulki bawan Allah domin amfaninka. Bawa kuwa ana tambayarsa aikin da aka sa shi. Ni dai ina baƙin ciki da yadda muke yawan karanta wa talaka rabin surar da ya shafe shi, mu tsallake rabin da ya shafi mai kujera. Bulus ɗin da ya rubuta Romawa 13 shi ne a Filibi, da aka yi masa bulala aka kulle shi ba shari'a, washegari aka aiko a sallame shi a ɓoye, ya ƙi fita, ya ce mahukuntan su zo da kansu su fitar da shi. Suka kuwa zo suna ba da haƙuri. Shi ne ya tsaya gaban gwamna Filikus, mutumin da ke ta jiran Bulus ya ba shi cin hanci, ya yi masa wa'azin adalci da kamun kai da hukunci mai zuwa har gwamnan ya tsorata. Da gwamna Festus ya daka masa tsawa ya ce yawan karatu ya haukata shi, amsar da ya ba shi ita ce, ya mai girma Festus, ba hauka nake yi ba, gaskiya nake faɗa cikin hankalina. Ya ba shi lakabinsa cikakke, ya kuma musa masa a cikin numfashi ɗaya. Wannan shi ne salon da nake so ka koya.

A kan kuɗin jama'a kuwa, Littafi yana bayanka fiye da yadda kake zato. Karanta 2 Sarakuna sura 12. An yi ta tara kuɗi don gyaran Haikali, har shekara ta 23 ta sarautar Yowash ba a gyara komai ba. Sarkin ya kira Yehoyada firist, mutumin da matarsa ta ɓoye shi yana jariri, shi kuma ya rene shi kamar uba, ya tambaye shi da sauran firistoci don me ba a yi gyaran ba. Tambaya ya yi, bai kira kowa ɓarawo ba. Daga nan aka kawo akwati aka huda murfinsa aka ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare. Aiki ya tashi. Bulus ma da yake tara wa matalautan Urushalima gudummawa, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8 ya ce ikkilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka kuɗin, domin kada a sami abin zargi, a yi abin da ke daidai a gaban Allah da kuma gaban mutane. In manzo ya nemi a sa masa ido, mai unguwa ba zai ce neman lissafi raini ne ba.

Kai ɗan Kumasi ne, ka ga yadda Tonawa, wato mutanen Asante, suke yi. Ba a jefa wa sarki magana kai tsaye, sai ta bi ta bakin okyeame mai riƙe da sanda, shi zai goge mata kaifi ya miƙa. Mutum zai zare takalmi, ya sauke mayafi daga kafaɗa, in zai faɗi kalma mai nauyi ya fara da "sebe", wato a gafarce ni. Amma kada ka ɗauka ba sa faɗa wa sarakunansu gaskiya. Mutanen da al'adarsu ta yarda a tuɓe sarki daga kujera in ya kauce, sun san faɗar gaskiya. A Techiman har biki gare su, Apoo, da talakawa ke fitowa su rera wa manya laifofinsu. Mu ma a zango muna da namu: a tuɓe takalmi a bakin zaure, a durƙusa, a ce ranka ya daɗe, sannan a kawo magana. Tsofaffinmu da wannan suka riƙa karɓo haƙƙinsu a garin da ba nasu ba. Ka taɓa lura cewa tun ranar taron ba wanda ya sāke zancen kwata? Zancen unguwa ya koma kan yaron da ya zagi dattijo. In ma da gaske ya ci kuɗin, to ka ba shi inuwar da zai fake.

Akwai kuma ɓangaren doka, ba don in tsorata ka ba. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba ka 'yancin faɗar albarkacin bakinka, a 2001 kuma majalisa ta soke dokar da ke ɗaure mutum saboda ɓata suna. Amma har yanzu wanda ka kira ɓarawo yana iya kai ka kotu ya nemi diyya, kai kuma za a nema ka kawo hujja. Dokar sarauta ta 2008 ta mai da zagin sarki da gangan laifi. Ko ta hau kan mai unguwarku ko ba ta hau ba, ya danganta da matsayin sarautarsa a idon hukuma, ba na so ka zama wanda za a gwada da shi. Ka tuna a 2016 Kotun Ƙoli ta ɗaure mutum uku wata huɗu saboda maganganun da suka yi a kan alƙalai a gidan rediyo a Accra. Saƙon murya ya fi rediyo muni, domin ba ya wucewa da iska. Mai-Wa'azi 10:20 ya ce kada ka zagi sarki ko a cikin zuciyarka, ko mai arziki a ɗakin kwananka, tsuntsu zai ɗauki maganar ya kai. Yau tsuntsun yana cikin aljihunka.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarka shi ne maganar maƙwabta. Ba su yi adalci ba da suka shafa wa dukan yaran coci laifin mutum ɗaya. Amma haka zaman zango yake. Mu 'yan kaɗan ne a cikin 'yan'uwanmu Musulmi, famfo ɗaya muke ɗiba, suna aiko mana da naman layya, mu aika musu da shinkafar Kirsimeti. Yawancinsu ba za su taɓa buɗe Littafinmu ba, bakinmu da halinmu suke karantawa. Kai kuma ba kowa ba ne, kai ne mai riƙe makirfo ranar Lahadi, muryarka ta cikin lasifika har gidajensu take shiga. Yakubu 3:10 ya ce bai kamata yabo da la'ana su fito daga baki ɗaya ba. Saboda haka ban ga zalunci a saukar da kai da fasto ya yi na ɗan lokaci ba. Ka karɓa ba gunaguni, kada ka daina zuwa sujada, ka zauna a benci ka yi waƙa tare da jama'a.

To, ga yadda nake ganin za ka bi.

Ka fara da mahaifinka, tun kafin ka taka ƙofar mai unguwa. Ka yi tunanin abin da ya same shi. Baƙo ne ya zo daga arewa da jakarsa, mutanen unguwar nan suka ba shi wurin zama, ya yi shekaru yana gina sunansa da gaisuwa da zuwa jana'iza da suna. A cikin minti biyu ka girgiza abin da ya gina. Kunya ce ta ɗaure masa baki, ba ƙiyayya ba. Ka same shi da asuba kafin gida ya tashi, ka durƙusa ka ce, Baba, na ba ka kunya, ka yafe mini, ina so ka kai ni in gyara. Shi zai san dattijon da ya kamata ya shige muku gaba. In da hali a sami mutum biyu, ɗaya daga coci, ɗaya daga cikin dattawan masallacin unguwa wanda mai unguwa ke jin nauyinsa. Ku riƙe goro.

In kun je, ka bar manya su buɗe magana. In aka ba ka dama, ka taƙaita. Ka ce, ranka ya daɗe, na zage ka a gaban jama'a, na kira ka da sunan da ba ni da hujjarsa, na ƙara a waya. Kai sa'an mahaifina ne, abin da na yi bai dace ba a addinina, bai dace ba a tarbiyyar gidanmu. Ka yafe mini. Ka tsaya a nan. Kada ka ce "in na ɓata maka rai", ka san ka ɓata. Kada kuma ka ce ka gano kuɗin na nan lafiya, ko ka ce ba za ka ƙara tambaya ba, domin wannan ƙarya ce, kuma ba ta cikin bashin da ake binka. In wani a wurin ya ce to maganar kwata ta mutu ke nan, ka amsa a hankali cewa yau haƙuri ka zo bayarwa, maganar kwata ta jama'a ce, ba kai kaɗai ke da ita ba balle ka kashe ta. Wataƙila ya yi maka faɗa mai zafi. Ka haɗiye. 1 Timoti 5:1 ya ce kada a tsauta wa dattijo, a roƙe shi kamar uba. Ka riga ka karya rabin farko, ka cika na biyun.

Daga nan ka koma inda ka yi ɓarnar. A gaban jama'a ka yi zagi, a WhatsApp ka ƙara, to haƙurin ɗaki kaɗai bai isa ba. Ka yi wani saƙon murya a zauren da ka saka na farko, ka janye zagin da bakinka, ka roƙi duk wanda ya tura wancan ya tura wannan. Wasu abokanka za su ce ka ji tsoro. Ka bar su su faɗa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle dattijo.

Ka bar mako biyu ko uku ƙura ta lafa, sannan a ɗauko maganar kwata ta hanyar da ba za a iya kau da ita ba. A nan ina ba ka shawara kada ka zama kai ne a gaba. Ka zama mai zirga-zirga. Ka bi gida-gida ka rubuta wanda ya biya da ranar da ya biya, in akwai mai rasit ko saƙon momo, wato kuɗin da aka tura ta waya, a ɗauki hotonsa. A sami mutum biyar ko shida, Musulmi da Kirista, a sa mata a ciki domin su ne ruwan ya fi ci wa dukiya, su je wurin mai unguwa da takarda mai ladabi: nawa aka tara, nawa aka kashe, nawa ya rage, yaushe za a fara aiki. A roƙe shi ya sa rana ya yi wa jama'a bayani, a kuma ba da shawara daga yanzu kuɗin ya koma asusun da sai mutum uku sun sa hannu. Akwatin Yehoyada ke nan. Mutumin da bai ci ba zai yi murna da wannan, domin zai wanke shi.

Kada kuma ku manta kwata aikin hukuma ne tun asali. Kuna da asambuliman da kuka zaɓa, shekara huɗu ake ba shi, aikinsa ne ya kai kukanku Asambulin Asokore Mampong. Ku rubuta masa, ku ajiye kwafi. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta sa kowace Asambuli ta kafa kwamitin sauraron ƙorafin jama'a, dokar 'yancin samun bayani ta 2019 kuma ta ba ku damar tambaya a rubuce ko kwatarku na cikin ayyukan da aka ware wa kuɗi, a ba ku amsa cikin kwana 14. In kuwa bayan duk wannan ta tabbata an ci kuɗin gida 60, akwai Sarkin Zango da majalisarsa, akwai 'yan sanda. A lokacin takarda ce za ta yi magana, kai ba sai ka kira kowa da wani suna ba.

Fastonku ma hukuma ne a kanka, shi ma da ladabi za ka je masa. Bayan ka ba da haƙurin, ka same shi shi kaɗai, ka gode masa, sannan ka roƙe shi abu ɗaya: tunda ya karanta maka aya ta 1 ta Romawa 13 mai maganar biyayya, ya taimake ku da aya ta 4, ya sa hannu a takardar ko ya aiko dattijo ɗaya cikin masu zuwa. Ina sa rai zai yarda. In ya ƙi, kada ka buɗe sabon faɗa da shi, ka nemi wani daga cikin dattawan ikkilisiya.

Kafin duk wannan ya nuna, ruwan Satumba ba zai jira ku ba. Kai mai walda ne. Ka samo ragowar ƙarfe a wurin aiki ka haɗa wa mahaifiyarka abin ɗora buhu mai tsayin gwiwa, ka ɗaga mata dokin ƙofa da bulo layi biyu. Ran Asabar kuma ka tara samarin layinku, ku nemi izinin mai unguwa, ku yashe kwatar da shebur gwargwadon ƙarfinku. In ya fito ya tsaya yana kallo, ka ajiye shebur ka je ka gaishe shi.

Ka sāke rubuto mini bayan kun je.